Yatsa Takwas a Ƙafar Wando

Shagon Gwadabe Tela a Gada Biyu bai fi ɗakin ajiyar buhuna girma ba. Keken ɗinki ɗaya ne a ciki, sai benci, sai wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos, ubansa ya yi dako a tasha, shi kuwa da ya tashi ya duba ya ga zama a inuwa ya fi, sai ya koyi ɗinki. Bai taɓa yin suna a manyan kaya ba. Wata sallah ya ɗinka wa wani alhaji kaftani, hannun dama ya ɗara na hagu tsawo, tun daga nan in sun haɗu gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya lau".

Abin da Allah ya ba shi kayan makaranta ne. Akwai wata sakandaren jeka-ka-dawo a bayan layinsu, mai koren yadi, wanda ba ya canzawa daga aji ɗaya har aji shida. Maza wando, mata siket, 'yan matan Musulmi wando da doguwar riga da farin hijabi. Rabin makarantar daga ƙarƙashin allurarsa ta fito. Bayan rikicin 2001, da kowa ya matsa kusa da danginsa, shi ma ya kwashe iyali ya canza unguwa, amma shagon ya bar shi inda yake, don yara ba su daina tsawo ba.

Kowane tela ya san yaro ɗan sha biyu in ka ɗinka masa wando daidai ƙafarsa, kafin damina biyu ya koma gajere. Shi ya sa ake kalmashe ragowar yadi ta ciki, a ƙafar wando ko bakin siket, in yaro ya miƙe a warware a saki. Sauran teloli ƙafar yaro suke dubawa su bar abin da ya samu. Gwadabe sunan yaro yake tambaya.

"Kai, sunanka?"

"Chinonso."

"Yatsa biyu," in ji Gwadabe, ya ɗora yatsunsa a kan yadi ya ja alli. "Aji uku zai yi, a tura shi wajen ubangida ya koyi kanti. Can ba sa sa kore."

In 'yar Ibo ce kuwa, yatsa takwas yake bari, yana ja yana jinjina kai, don su ko ana ruwan ƙanƙara sai sun gama. 'Ya'yan Birom da Angas, maza da mata, shida, wai su ofis suke hange. Samarin Hausawa huɗu, daga nan acaɓa ko lodin tumatir a Farin Gada. 'Yan matan Hausawa kuwa yatsa bai shigo lissafi ba, siririyar kalmasa yake musu irin ta bakin ɗankwali, don kada zare ya zazzage kawai. Ba da ƙeta yake yi ba. A ganinsa tausayin iyaye ne, yadi tsada gare shi, me ya sa za a naɗe shi a ƙafar wanda ba zai jira a warware ba?

Kuma yana da hujja a cikin gidansa. Babban ɗansa Abdulfatah huɗu ya samu. Shekarar da aka warware na ƙarshe, ya ajiye jaka ya bi motar kayan gwari. Gwadabe kan ba da labarin a teburin mai shayi, yana cewa, "Ko ɗana ban kuskure ba."

Abin da bai sani ba, makarantar ta daɗe da gano lissafinsa. Makon farko na kowace shekara, manyan ɗalibai sukan tare sababbi a gindin mangwaron bayan aji, maza gefe mata gefe, a juya ƙafar wando a auna. "Baba Gwadabe nawa ya ba ka?" Tambayar ke nan, kafin ma a tambayi sunanka. Mai biyu yakan nemi bencin baya tun ranar, ya kuma daina wahalar da kansa da aikin gida. Mai takwas in ta faɗi gwaji, a ce ta ci amanar yadi. Malamai suna ta taro a kan dalilin da ya sa wasu yara ke sakin karatu tun ba a je ko'ina ba, suna kawo bayanai masu tsawo da Turanci, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba ƙasa.

Gwadabe yana da 'ya, Fiddausi. Ba ita ke zuwa ta ɗaya ba, tsakanin ta bakwai da ta goma take yawo, amma ba ta fashi, kuma in an ɗauke wuta ita ce mai rigima a kan fitila. Gwadabe ya ƙudurta a ransa ita za ta fara gama aji shida a zuriyarsu. Ya faɗa wa mai shayi. Ya faɗa wa maƙwabcinsa Romanus, mai sayar da yadi da zare da maɓalli. Ya faɗa wa wani fasinja da suka taɓa haɗa kujera a motar Bukuru. Ita kaɗai ce bai faɗa wa ba, don a ganinsa uba ba ya zama yana yi wa 'yarsa irin wannan zance.

Kayanta ya ɗinka su a watan Satumban 2003, cikin rububin buɗe makaranta, tsakanin wasu tulin wanduna da iyaye ke tsaye a kansu. Ya ɗauko yadi, ya tuna sunan mai shi, hannunsa ya yi abin da ya saba.

A gindin mangwaro wata 'yar aji biyar ta juya ƙafar wandon, ta sake juya ɗayar ko an yi mantuwa ne.

"Ke ba 'yar telan ba ce?"

"Ni ce."

"Tabɗi. Ku zo ku gani. Ubanta ma bai ba ta ko ɗaya ba."

Fiddausi ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Shekara biyu abin bai dame ta a fili ba, da yake gajera ce, wandon yana zaune lafiya. Sai a aji uku ta miƙe lokaci ɗaya kamar rake. Idon sawu ya fito, sannan abin da ke samansa. In ta shigo aji sai wani ya ce daga baya, "Fiddausi, rafin Dilimi za a tsallaka?" Ga jarrabawar aji uku ta matso, wadda in ba ka zauna ta ba babu kai babu aji huɗu.

Ƙawarta ta benci ɗaya ita ce Ugomma, 'yar Romanus, ƙanwar Chinonso ɗin nan mai yatsa biyu. Ita damuwarta daban. Takwas ɗinta na nan cif a bakin siket, nauyinsu na dukan ƙwaurinta in tana tafiya. Kanti take so. Tun tana ƙarama ta fi Chinonso sanin wane zare ke tafiya da wane yadi, amma Romanus ya ce kanti na maza ne, ita nas za ta zama ko ta ƙi ko ta so.

"Ni an ɗinka min shekara shida ban roƙa ba," in ji Ugomma ranar wata Laraba lokacin hutun tara. "Ke kina so an hana ki. Kina da reza?"

Fiddausi na da reza, ta fiƙe fensir.

Suka shiga bayan aji. Ugomma ta warware kalmasarta, ta yanke ta zagaye, suka raba ƙyallen biyu, ƙafa ɗaya rabi. Washegari Fiddausi ta zo da ƙarin a liƙe a wandonta, ɗinkin hannu, da baƙin zare, don shi ta samu a gwangwanin Ummanta. Ugomma kuma ta zo da siket mai bakin da ke zubar da zare kamar tsohon buhu. Ba su kai ga shiga aji ba. Mista Robert, malamin ladabtarwa, ya tsayar da su a layin safe gaban kowa, ya zagaya su sau biyu, ya ce makaranta ba wurin wasan kwaikwayo ba ce, su koma gida sai sun zo da kayan mutane. Dariyar da aka yi har masu awara a bakin ƙofa sun ji.

Hanyar gida ta gaban shagon take bi. Gwadabe na kan keken ɗinki da hantsi, ya ɗaga kai ya hango wasu ɗalibai biyu tafe. Bai ga fuska ba tukuna. Ɗinkin ya gani, tun daga tsallaken titi. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda.

"Inna lillahi. Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aikin? Ke, zo nan!"

Ta zo. Sai a lokacin ya ga 'yarsa ce.

"Fiddausi? Wa ya yi miki wannan?"

"Ni na yi, Baba."

"Ke? Baƙin zare a kan kore? Wannan ɗinki ne ko tafiyar kiyashi? A gabana kika girma, ko sau ɗaya kin taɓa ganin na... Tsaya. Ina kika samu yadin?"

Amsar ta riga ta fito daga shagon kusa. Romanus ne riƙe da hannun Ugomma, yana nuna bakin siket da ɗaya hannun. Shekararsa talatin a Jos, Hausa ta zauna a bakinsa daram, mace da namiji ne kawai bai taɓa yarda ya raba ba.

"Oga Gwadabe! Duba! Duba abin da yarinya ya yi! Takwas ka sa masa, ni da kaina na ba ka yadi, mai kyau, ba na gwanjo ba. Yanzu ina takwas? Ya yanke! Ya ce tunda babu kalmasa, makaranta ya ƙare!"

"Papa, ai haka dokar take," in ji Ugomma. "Kowa ya sani."

"Wace doka?" in ji Gwadabe.

'Yan matan suka dubi juna. Ugomma ce ta yi bayani, tiryan-tiryan, da mangwaro da layi da komai, kamar mai karanta sanarwa. Ta lissafo masa kasonsa bai ɓace ko ɗaya ba: biyu, huɗu, shida, takwas. Gwadabe ya saurara baki buɗe, allura a leɓe.

"To ai wannan lissafin yadi ne," ya ce. "Ba lissafin mutum ba."

"Ni nawa ka ba ni, Baba?" in ji Fiddausi.

Ya sunkuya ya kama ƙafar wandon, ya ɗaga baƙin ɗinkin, ya ga tasa siririyar kalmasar a ƙasa, tsaf, ba karkace. Aikinsa ne, ko a duhu zai gane shi.

"Wannan... hannu ne kawai. Lokacin aiki ya yi yawa. Hannu ne ya yi."

"Hannun wa, Baba?"

Rediyon ta zaɓi wannan lokacin ta dawo da kanta, wani yana tallan maganin basir. Romanus ya miƙa hannu ya kashe ta.

Da la'asar a gida Fiddausi ta wanke kayan makarantar, ta shanya, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati. Ta gaya wa mahaifiyarta, Maimunatu, cewa ta gama. Za ta zauna ta koyi saƙar hulunan sanyi a wajen maƙwabciya, ana samu a Jos. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar wa Gwadabe hankali ke nan.

"Gobe zan ɗinka miki sabo," ya ce daga bakin ƙofa.

"Ka bar shi, Baba. Kada a yi asarar yadi."

Ta shige ɗaki. Gwadabe ya zauna a kan turmi, Maimunatu na tsince shinkafa ba ta ko dube shi ba.

"Kin ji 'yarki."

"Na ji ta, Malam."

"Yarinyar da duk Gada Biyu an san ita za ta gama aji shida. Ki tambayi mai shayi. Ki tambayi Romanus."

"Mai shayi ne zai zauna jarrabawar?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya na yi. Ka faɗa wa mai shayi, ka faɗa wa Romanus, na ji har wani bawan Allah a motar Bukuru ya sani. Ita abin da ka faɗa mata yana ƙafarta shekara uku tana yawo da shi." Ta watsar da tsakuwa. "Abdulfatah ma ranar da ka warware masa na ƙarshe, a nan ya zauna inda kake zaune, ya ce min, Umma, nawa ya ƙare. Na ɗauka wandon yake nufi."

Gwadabe ya daɗe yana kallon yatsunsa, gajeru masu kauri, da tabon allura a kan manuniya.

Juma'a ta wuce, Fiddausi ba ta je makaranta ba. Ranar Asabar da safe ya ce ta biyo shi shago ta riƙe masa tef, idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, amma uba ya aike ta, ta sa hijabi ta bi shi.

Ya sayi koren yadi a wajen Romanus, ya shimfiɗa a tebur. Ya auna ta daga ƙugu zuwa idon sawu, ya sa alama. Daga nan, inda ya saba ɗora yatsu ya ja layi, sai ya tsaya. Ya miƙa mata allin.

"Ungo. Ja inda kike so."

"Na ce na gama, Baba."

"Na ji. In kin gama, ja a kan alamar, in yi miki kalmasar ɗankwali, ki riƙa zuwa saƙa da shi. Wando ne, ba ya ƙin saƙa." Ya gyara murya, ya juya yana neman almakashin da ke hannunsa. "Amma ni dai, in da za a tambaye ni, so nake ki gama. Tun kina aji ɗaya. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba."

"To yanzu kin shiga cikin kowa."

Ta tsaya riƙe da alli. A waje wata motar kabeji ta wuce tana hon. Romanus ya leƙo, Gwadabe ya yi masa alama da gira, ya koma.

"Takwas ɗin Ugomma, aji shida ke nan?"

"Aji shida."

"In mutum zai wuce nan fa?"

"Can gaba ba sa sa yunifom. Kowa da zaninsa."

Ta ɗora yatsunta huɗu a ƙasan alamar, ta duba, ta janye.

"Sa naka, Baba. Nawa sirara ne, za a cuce ni."

Ya ɗora nasa huɗu, ya ɗaga, ya sake ɗora huɗu a ƙasansu. Ta ja layin da kanta. Ya karkace kaɗan, Gwadabe ya gani, ya buɗe baki, ya rufe. A kan karkataccen ya yanka.

Kafin azahar Romanus ya shigo da nasa yadin da tasa 'yar, ya ce wannan karon goma za a sa, a kuma ɗinke da zare biyu yadda reza ba za ta ci ba. Gwadabe ya miƙa wa Ugomma alli.

"A'a, a'a, Oga Gwadabe! Kar ka ba shi! Ni ne na biya!"

"Kai za ka sa siket ɗin?"

Aka yi ciniki a tsaye, uba da 'ya, rabi da Ibo rabi da Hausa, Gwadabe na zaune yana sa wa keke mai. Aka tashi a kan za ta ja takwas, shi kuma zai bar mata kanti duk Asabar, ita kaɗai, ba Chinonso. Romanus ya fita yana cewa an haɗa baki an yi masa fashi da rana.

Ranar Litinin Fiddausi ta koma. Kalmasar ta yi nauyi har wandon na kaɗawa kamar labule. Ba a tare 'yan aji uku a gindin mangwaro, amma ranar an tare ta. Wata ta auna, ta sake aunawa, ta kira wasu su shaida. Mista Robert ya zagaya ta sau ɗaya ya wuce.

Tun daga shekarar Gwadabe ya daina tambayar suna. Yakan auna ƙafa, ya miƙa wa yaro alli, uwa ko uba na tsaye suna zare ido. Wasu yaran sukan ja da nisa don kunya, wasu don su ƙure shi. Wani ɗan Hausawa ya taɓa jan sha biyu, aka yi masa, ya bar makaranta a aji biyu. Chinonso dai an tura shi Onitsha kamar yadda aka tsara. Lissafin gindin mangwaro ya rikice, manyan ɗalibai suka koma ƙwace wa sababbi kuɗin tara kamar kowace makaranta. Yadi ya riƙa tafiya da yawa, wanda hakan bai ɓata wa Romanus rai ba. Ugomma ta gama aji shida, ba ta zama nas ba, ta buɗe shagon zare a tsallaken na ubanta, ta kwashe masa rabin teloli, har da Gwadabe.

Fiddausi kuwa, daga ranar da aka yanka wandon nan ba ta ƙara tsawo ba ko na ƙwayar gero. Ta zauna jarrabawar aji uku, ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ta gama aji shida a 2009, kalmasar na nan a naɗe yadda aka ɗinke ta, ba a taɓa zare ɗaya ba.

Wandon yana rataye a ƙusa a shagon, bayan rediyo. Duk wanda ya zauna a benci ya daɗe, Gwadabe zai sauko da shi ya juya ƙafar.

"Duba nan. Yatsa takwas, yadi mai kyau, ba na gwanjo ba. Ta gama makarantar kaf ba a warware ko ɗaya ba." Sai ya girgiza kai. "Asara."

Ya kakkaɓe shi, ya mayar ƙusa. Mai shayi ya ce shi kaɗai an nuna masa asarar nan ta fi sau ashirin.